Allon Shagon Auta

Zuwa ga Umma,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina kuma gaida Baba, ya gwiwar tasa?

Allon shagona ya iso jiya. Umma, ina yage kwalin gabana ya faɗi. ƊINKI kawai Baba ya rubuta, sauran wurin fari fat. Ke kin san shi, shekara talatin yana rubuta allunan shaguna, ba ya barin kalma ita kaɗai. Wanzami ya samu “Aski da Tsafta”, makaniki “Gyara da Amana”. Cewa yake ta farko sana'ar mutum ce, ta biyu kuwa shaidarsa ce a kan mai sana'ar. Mutum ɗaya na sani da ya tashi da kalma guda, mahaucin nan mai danne sikeli da yatsa. Sahunsa aka saka ni ke nan? Ko har yanzu fushin barin garin da na yi ne? Wallahi na kasa kafa allon, yana bayan keken ɗinki a jingine.

’Yarki,
Auta

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi.

Ke dai akwai ki da saurin hawaye, kamar ba a gidan nan kika girma ba. Kin manta kwana uku babanki ya yi a bencin wanzami yana kallon yadda yake wanke aska kafin ya ɗauki buroshi? Ai ba ya shaidar abin da bai gani ba, ko da ’yar cikinsa ce.

Rigar da kika aiko masa kuwa ta sha bincike. Ya juya ta ciki waje, ya sa tabarau, ya zauna bakin taga yana jan kowane ɗinki, har ƙarƙashin aljihu inda ba mai dubawa. Da ya gama, sai ya tashi ya dama fenti. Hannunsa ya fara rawa yanzu, shi ya sa yake gwaji a bayan ƙofar kicin ɗina. Kalma ɗaya ce, sau tara ya rubuta ta daga sama har ƙasa. Na ce Malam, ƙofata ce fa! Ya ce in na faɗa miki kalmar ba ni ba shi. To, ni bakina da ƙulli, amma kullum na shiga girki sai na karanta na yi murmushi.

Allah ya yi miki albarka,
Ummanki

Auta,

Bayan sallama. Na nemi inda kika ha'ince ni a rigar nan, ban samu ba. Ita zan sa in zo ranar Asabar, in zauna in ga yadda kike da masu kawo ɗinki. Ki kafa allon yadda yake, ki aro tsani, ke za ki riƙe min shi in hau in ƙarasa rubutun.

Kalmar gajera ce, amma ki duba girman wurin da na bar mata.

Babanki