Mussarki Ta San Umaru

Kulu,

Gaisuwa da addu'a. Na san takardar ga ba za ta iske ki ba, ko da kuwa na ba direba mafi aminci a tashar Bodinga. Amma akwai maganar da ba ni iya yi da rayayye.

Gida lafiya, sai tsadar da kika bari ta ƙaru. Sojoji sun karɓi mulki, sabulu da madara har yanzu sai an bi layi. Damina ba ta yi ba. Mutanen ƙasar Shagari gero suke saye tun kaka.

Zancen magenki ne ya kawo ni, mussar ga da kika fi kula da cinta bisa nawa. Ke kika koya mini karatunta, ina yi miki dariya. Kin ce in ta kwantar da kunnuwa tana huci, baƙo ta gani. In tana kaɗa wutsiya da ƙarfi, a ƙyale ta. In ta miƙe wutsiya sama ta goga kumatu ga ƙafar mutum, to nata ne, ta san hannunsa. Ni da na shekara ina ba ta kan kifi kafin ta yarda ta lumshe mini ido, na san ba ta da arha.

To, ranar sadakar bakwai ɗinki zaure ya cika. Mussa ta ɓuya kamar yadda ta saba. Sai ga Umaru ƙanena daga Horo Birni ta ƙasar Shagari, wanda na hana shiga gidana tun rigimar zaɓen saba'in da tara, da ya tsaya bisa mota ya kira ni ɗan kasuwar yunwa. Zamansa ke da wuya, ta fito da gudu, wutsiya tsaye kamar sanda. Ta goge shi, ta hau cinyarsa tana tattaka rigarsa da ƙafafu, tana gurnani. Shi kuwa ya duƙar da kai yana jan carbi, bai ko dube ni ba.

Kulu, ina ta san shi? Bayan rigimarmu aka haife ta.

Sai na fara haɗa abubuwa. Ni na yi aji uku a sakandare, da jaki guda na fara albasa har na sayi babbar mota, ba wanda ya taɓa cuta ta a awo. Amma duk dawowata daga Kurmi, can kudu, sai in iske geron sito ya yi ƙasa, ki ce ɓeraye. Ɓeraye, da wagga mussa da ke ajiye mana gawarsu a bakin ɗaki kowace safiya? Mi ya rufe mini ido?

Na gwada ta. Na sa aka tayar da mota kamar za ni tafiya, na koma na laɓe. Tana jin ƙarar ta tahi ƙofar baya ta zauna, kunnuwa gaba, tana jiran wani. Na sake, ta sake.

Sau nawa ya zo? Ke kike auna mai ko shi ke ɗiba? Wa kuma ya sani, ana kallona ina taƙama a kasuwa? Na bi fuskar kowa a gidan ga, kowa na yi mini kama da mai ɓoye dariya.

Abin da ban taɓa gaya miki ba, na sha tambayar direbobi a ɓoye ko ɗiyan Umaru sun rame. Su ce a'a, sumul suke. Har haushi nake ji, ina cewa ina ya samu. Ashe ni ke ciyar da su.

Yanzu ba ki nan, kuma an ce ƙaramarsu ta fara kumburin ƙafa.

Ban yafe mai ba, kada ki ɗauka. Ba ni aika mai, ba ni zuwa. Amma gobe za ni Kurmi da albasa, kuma na cire kwaɗon ƙofar baya na jefa cikin aljihu. In na dawo na iske gero ya ragu, ɓeraye ne. Mussa na can zaune bakin ƙofar tun yanzu.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu cikin rahama.

Mijinki da kika fi wayo,
Garba mai albasa, Bodinga