Kifin Tabki

Tabalak, Maris 1994

Zuwa ga matata Habi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Inna da yara. Ya zafin Bambeye? Ni lafiya lau.

Baturen furojenmu na binciken tabki ya koma ƙasarsu saboda rashin tsaron hanyar arewa, ya bar ni da kwalabe. Kullum ina ɗebo ruwan tabki a kwalba in toshe, in ɗura masa iska da sirinji, don a san yawan takin da gansakuka ke zuƙowa daga iska ta ba ruwa. Ina kuma auna iskar da kifi ke shaƙa. Ma'aunin da Baturen ya bari na ruwan teku ne, sai na yi ta gyara.

Ina zaune gidan Mumuni, wani masunci da ya riƙe ni kamar ƙanensa. Abin da ke damuna, tabkin yana janyewa yana ɗumi, kuma ruwa in ya yi ɗumi ba ya riƙe iska.

Ki gaida kowa. Mijinki,
Attaher

Tabalak, Afrilu 1994

Habi,

Ina gaisuwa. Yaya tarin ɗanmu Salisu?

Kifin ya mutu. Da safe muka tarar sun taso ciki sama, fari fat har inda ido ya tsaya. Tun kafin haka na je Tawa in roƙi hukuma ta ɗage hanin kamun kifi, a bar masunta su kwashe kafin zafi, na iske ofis a kulle, ana yajin aiki.

Mutane sun sha ganina da sirinji a bakin ruwa, sai suka ce guba na zuba. Ban ga laifinsu sosai ba, abincin shekara ne ke ruɓewa a gabansu. Sun farfasa kwalaben, suka biyo ni gida. Mumuni ya tare ƙofa, wani ya sauke masa sanda a ka. Yana kwance, ba ya gane mutane.

Kada ki gaya wa Inna tukuna.

Naki,
Attaher

Tawa, Mayu 1994

Habi,

Ina fatan kuna lafiya. Jandarmomi sun kawo ni Tawa, sun yi tambayoyinsu sun sake ni.

Mumuni ya rasu ran Laraba. Ya bar 'ya'ya ƙanana. Matarsa ta aiko mini da jakata, an wanke tufafina an ninke, da saƙon kada in zo gaisuwa.

Ba na iya cin abinci, Habi. Ki roƙi Baba ya bar mini gefen gonarsa, ina tafe kafin shuka. Yanzu ki gaya wa Inna komai, ta sa Mumuni a addu'a.

Allah ya haɗa mu da alheri. Mijinki,
Attaher