Ciyawar da Na Nome a Kuakata

Uwar Tuni,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya ƙafar mahaifiyata Amma? 'Yarmu Tuni ta daina tarin nan?

Ni lafiya lau, kada ki damu. Guguwar teku ta kwashe tudun yashin da ke tare wa ƙauyen nan ruwa, shi muke mayarwa. Abinci akwai, abokin hira ne dai babu.

Ranar Juma'a ba aiki, ina yawo ni kaɗai, sai na ga ciyawa ta yi yaɗo a kan sabon tudun. Kin san hannun manomi. Na duƙa na nome ta tas. Washegari da muka fito aiki, Jabbar, shugaban aikinmu, ya gani ya dafe kai ya ce, "Kai ɗan Rangpur, ita ke riƙe yashin. Wata biyu muna dasa ta kafin ka zo. Ko shinkafa za ka shuka mana?"

Kowa ya yi dariya, har da ni. Yanzu ni ke sake dasa ta. Ban gaya musu ba, amma tun zuwana, rabin yinin nan da na yi a duƙe ne kaɗai na ji kamar ina gida.

Ki rubuto min labarin gonarmu, ko da ciyawa ta cinye ta. Allah Ya tsare min ku.

Mijinki,
Mofizul