Allon da Ba a Wanke Ba

Zuwa ga Iya Nagode, wadda ta goye ni,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin wanda ya dace da ke, ina fatan kina cikin sassauci da yalwar makwanci. Na san ba a aika wa mamaci takarda. Na kuma san ko da kina raye, sai an nemo wanda zai karanta miki ita. Wannan na biyun ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Zan sa wasiƙar a shafina, inda ƙawayena da dangi za su gani. Wasu za su ce na fitar da maganar cikin gida. Su yi haƙuri. Shekara biyu ke nan da rasuwarki, kuma sai bana na gane cewa akwai haƙƙinki a wuyana.

Iya, na yi tafiya. Wurin aikin maigidana, wanda kike tsokana da Malamin Gona, sun tura shi ƙasar Birazil kwas a kan noman rogo. Da ya gama sai ya ƙara mako guda na hutu, ni kuma na bi shi. Garin a bakin teku yake, ga zafi mai ɗanshi kamar tsakiyar damina a fadamar Shinkafi, ga kwakwa ko'ina. A masaukinmu na ga wata takarda mai hotuna tana tallan yawon rabin yini zuwa wani tsohon gidan masu gonar rake. Mota za ta ɗauke ku da hantsi, a zagaya da ku, a dawo da ku kafin azahar ta wuce.

Kin san ni da littattafan soyayya. Ke ce kike ɓoye mini su a cikin tukunyar dawa idan mahaifina Baba Malam ya shigo cikin gida. A cikinsu kullum akwai wani gida mai bene da matakala mai lanƙwasa, inda amarya ke saukowa a hankali kowa ya ɗaga kai. Da na ga hoton gidan nan sai na ce ga shi, ashe akwai shi da gaske. Na dami maigidana har ya yarda. Na sa leshina ruwan zuma, wanda kika ce ya yi mini kama da matar gwamna, don kawai a ɗauke ni hoto a kan matakalar.

Gidan fari ne, a kan tudu, tagoginsa shuɗɗa. Dogayen itatuwa masu kama da giginya sun yi layi tun daga ƙofar gona. Mai zagayawa da mu mace ce baƙa, mai wushirya, da Turancinta mai lanƙwasa. Da an ɗaura mata zane, sai ki rantse daga Galadi ta zo cin kasuwa. Ta nuna mana teburin cin abinci mai tsawon zauren gidanmu, da fitilun gilashi a rataye, da madubin da tsufa ya sa ya yi ɗigo-ɗigo. Na hau matakalar, an ɗauke ni hoto har kala biyar. Ina murmushi a dukansu.

Daga nan ta fito da mu ta baya, ta nuna mana wani dogon ɗaki mai gajeren rufi, marar taga. Ta ce nan bayin gidan ke kwana. Da ta ji daga inda muka zo sai ta tsaya ta dube mu, ta ce a cikin waɗanda aka kawo yankin nan a jiragen ruwa akwai Hausawa, musulmi, wasunsu ma masu karatu. Maigidana ya girgiza kai ya ce Turawa ba su ji tsoron Allah ba. Ni ma na girgiza kai. Amma da na sunkuya na leƙa, abin da ya zo mini shi ne ɗakinki na gefen madafa a gidanmu na Zurmi. Shi ma ba shi da taga. Shekara goma sha tara ina shiga ina fita, ban taɓa lura ba sai a ƙasar wasu.

A gidanmu ba a faɗin kalmar. Cewa ake yi ku 'yan gida ne, daga rinjinmu na wajen Gurbin Bore kakanninki suka fito. Na girma ina jin rinji kamar sunan unguwa ne kawai, ban san ƙauyen bayin gona ake nufi ba. Ban taɓa tambayar wanda ya kai su can ba, ko dalilin da ya sa kowa a gidan ke da sunan Annabawa da matan Sahabbai, ke kuma aka sa miki Nagode.

Wuri na ƙarshe da aka kai mu shi ne madafa. An gitta jar igiya don kada a matsa kusa. Ga manyan tukwanen tagulla, ga turmi, ga ludaya da muciya jere a bango. A tsakiyarsu akwai wani katako baƙi-baƙi a rataye. Matar ta ce a kansa kuyangi ke yanka nama.

Iya, allo ne.

Ban yi shakka ba ko na ƙiftawar ido. Ga mariƙinsa, ga gindinsa mai lanƙwasa inda ake ɗora shi a cinya. Babu sawun wuƙa ko ɗaya a jikinsa. An huda shi ta gindi an rataye, kansa na kallon ƙasa. Hasken ƙofa na dukansa ta gefe, sai na ga layukan tawada da suka nutse cikin itacen, dishi-dishi, irin rubutunmu na makarantar zaure.

Kin san yadda aka rene mu. Ko takarda muka gani a ƙasa da baƙin Larabci, sai mun ɗauka mun soke a katanga. Ban san lokacin da na tsallake igiyar ba. Na cire shi daga ƙusar, na juya shi daidai, na riƙe a ƙirji. Matar ta ɗaga murya. Turawan da muke tare da su suka ja da baya. Maigidana ya ce, “Safiya, kina hauka ne? Ƙasar mutane ce fa, kuma ba mu da kowa a nan!”

Da ɗan Turancina na sakandare na gaya mata cewa wannan ba na nama ba ne, a kansa muke koyon karatun addini, kuma ba a barin sa kai ƙasa. Ta matso ta tambaye ni me aka rubuta. Na gane farkon, domin kowane allo da sunan Allah yake farawa. Sauran ya dushe, layi huɗu ne da rabi. Sai na ji bakina na gaya mata abin da kowane yaro ya sani a garinmu: ba a wanke allo sai mai shi ya biya karatunsa a gaban malami, ya karanta daidai, sannan a wanke a rubuta masa na gaba. Wannan ba a wanke ba. Mai shi bai samu wanda zai biya wa ba.

Ina faɗin haka sai na tuna wani allon da ke rataye tsakanin ludaya.

Ina da shekara goma sha uku kika kira ni madafa kina tace kunu. Ke ce mai haɗa wa makarantar Baba Malam tawada, ki kankaro baƙin tukunya ki dafa da ƙaro. Ke ce mai shafa wa allunan yara farar ƙasa ki jera su a rana. Fiye da shekara arba'in alluna na bi ta hannunki, ba ki san baƙi ɗaya ba. Surorin sallarki da kunne kika tsince su ta bayan zana. Kika ce mini, “Sahiya, ni dai so ni kai in ga abin da ni ka hwaɗa ma Allah da idona.”

Kin taɓa roƙon kakata, Hajiya Babba, ta ce, “Karatu mi za ya yi miki? Kin iya salla, ya isa.” Baba Malam bai hana ba. Bai dai taɓa tunanin abin ba, kuma yanzu ban san wanne ya fi ciwo ba. Don haka kika samo tsohon allon da ya tsage a gefe, kika rataye shi cikin ludaya da muciya, inda kika san babu mai dubawa.

Mun yi babbaƙu a damina ɗaya, kina kiran sunan kowane harafi kina dariya kamar kin haɗu da dangi. Muka yi farfaru. Muka fara haɗa baƙi. Ranar da kika karanta sura ta farko da yatsanki a kan layi, kin ba ni ƙanzon tuwo gaba ɗaya, kika ce ladan malama ne. Mun wanke allon sau shida. Na bakwai na rubuta miki wata gajeriyar sura da rana, na ce gobe za ki biya.

A makon ne wata ƙawata ta fara ba ni aron littattafai. Kina leƙo ni ina kwance da littafi a fuska, ki ce, “Malama, ɗalibarki ta shirya.” In ce gobe, Iya. Ki ce, “To, Allah shi kai mu.” Ba ki taɓa ɓata rai ba. Har kika koma mai ɓoye mini littattafan da suka raba ni da ke. Daga baya na tafi makarantar kwana, na dawo, aka yi bikina, aka kawo ni Kaura Namoda. Kika rasu a damina, lokacin da hanyar Zurmi ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga. Ban ga gawarki ba. Na yi kuka sosai, amma ko sau ɗaya allon bai faɗo mini a rai ba.

Matar nan ta karɓi allon daga hannuna a hankali, da hannu biyu. Ta ce za ta gaya wa masu kula da gidan, amma ita ba ta da ikon canza komai. Huda ɗaya ce a jikinsa, don haka ta mayar da shi yadda yake, kai ƙasa. Aka ba mu ruwan rake mai sanyi a baranda, na kasa sha. Direba ya danna oda. Rabin yinin ya ƙare.

Tun daga ranar, duk madafar da na shiga sai na dubi bango. Ina tunanin mai allon can. Mace ce ko namiji? Daga wane gari, Alkalawa ko wani ƙauye da ke nan kusa da mu? Shin ɓoye shi aka yi cikin ludaya kamar naki, har masu gidan suka ɗauka kayan girki ne? Wa ya rubuta layi huɗu da rabi ya ce gobe?

Da muka dawo na nemi 'yarki Ladi. Ita ma rashin zaman lafiya ya kawo ta Kaura, tana soya ƙuli-ƙuli a bayan tasha. Na yi ta kewaye-kewaye kafin na tambaye ta ko ta san wani tsohon allo a madafar gidanmu da aka rufe. Ta shiga ɗaki ta fito da shi naɗe a zanenki mai saƙi. Rubutuna na yarinta yana nan, layukan sun karkace. A ƙarƙashin kowace kalma itacen ya yi santsi, inda yatsanki ya yi ta bi.

Ladi ta ce kwana biyu kafin ki cika kika sa aka ɗauko shi. Kika ce, “Kar a wanke shi, ban biya ba. Sahiya ta ce gobe.”

Iya, ban san tsawon zaman da na yi a ƙasa ba.

Abin da kawai na iya shi ne na tambayi Ladi ko ita ta iya karatu. Ta yi dariyar da ba ta daɗi ba, ta ce, “A gidan wa?” Na ce zan riƙa zuwa kullum da la'asar. Ta ce, “Ke da kika gudu kika bar uwata? To zo. In kika ce mini gobe, da muciyar ga zan bi ki har gidan mijinki.”

Wata huɗu muka yi, a kan wani sabon allo, tsakanin kasko da kwastomomi. Ladi ba ta da haƙurinki. Takan zagi harafi idan ya ƙi zama, ta ce wannan mai ƙugiyar munafuki ne. Ranar da zazzaɓi ya kama ni ma na hau babur na je, domin tsoron kalmar nan nake yi yanzu.

Larabar da ta wuce Ladi ta ɗauko allonki. Ta ɗora shi a cinya, ta sa yatsa inda naki ya bar santsi, ta karanta daga farko har ƙarshe ba gyara. Na kawo ruwa a ƙwarya. Na ce mata tunda ba ke Iya kika biya ba, anya muna da ikon wankewa? Ladi ta karɓe ƙwaryar ta wanke shi da kanta, tawadar ta sauka da ƙyar. Ta sha rabin ruwan ta miƙo mini sauran. Ta ce, “Sha. Ita ta yahe miki tun ba yau ba. Ni ce ban yahe ba, sai yanzu.”

Na sha. Ɗanɗanon baƙin tukunya da ƙaro ne, tawadar da kika dafa da hannunki.

Hotunan matakala suna nan a wayata, ban goge ba, ban kuma sa su a shafi ba. Naki allon ya bushe, na rubuta wa Ladi sura ta gaba a kansa. Wancan kuwa yana can a hayin teku tsakanin ludaya, kai ƙasa, kullum da hantsi ana wucewa da baƙi ta gabansa.

Allah Ya jiƙan ki, Iya. Ya haskaka kabarinki, Ya yi masa taga zuwa Aljanna. Ya nuna miki da idonki abin da kika yi ta faɗa Masa da baki. Ya jiƙan mai allon can da ban san sunansa ba, Ya karɓi karatunsa inda ya tsaya. Ya yafe wa gidanmu abin da muka sani da abin da muka ƙi tambaya. Amin.

Malamarki da ta makara,
Sahiya