Na bar sandata a ƙofar likita

Sis' Nokwanda, don Allah ki taimake ni. Ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana sai ke da ba ki san fuskata ba.

Ni kaɗai nake zaune a Mdantsane. Mijina ya rasu, 'yata tana Cape Town, wayarta ma sai an ga dama. Keken ɗinkin masana'anta ya cinye mini ƙugu, shekaruna kuwa ba su kai na kuɗin tsofaffi ba, shi ne na nemi tallafin naƙasassu. Ranar ganin likita na saka kayan ƙungiyar matan cocinmu, jar riga da farar hula sun sha guga. Na jingine sandata a waje, na cije na shiga a miƙe, ai haka aka rene mu, ba a zuwa gaban hukuma a wulaƙance. Likitan kuwa yaro ne, sa'an 'yata. Ya ce in ɗaga siket ya duba, na ƙi. Ya rubuta cewa zan iya aiki, aka hana ni tallafin. Na ɗaukaka ƙara, kwamitin sauraron ƙarar ya bi takardar likitan ba tare da ya gan ni ba.

Yanzu wata lauya mai taimakon marasa hali ta kai maganar kotu. Tana son shaidar rantsuwa daga wanda ya san yadda nake rayuwa. To wa ya sani? Ko a coci murmushi nake yi. Maƙwabciyata MamTolo ce kawai ta taɓa hango ni ta saman shinge ina rarrafe zuwa bayan gida. Tun ranar kunya ta sa na daina amsa gaisuwarta. Ashe sai an karanta rarrafena a gaban alƙali kafin in samu kuɗin garin masara? Dare yana yi mini tsawo, 'yar'uwa, na gaji.

Mai rufin asiri, Mdantsane

Mama, wasiƙarki ta taɓa ni. Mutuncin da kika riƙe ba laifi ba ne, da shi iyayenmu suka tsira. Amma likita abin da ya gani ya rubuta, kuma kin nuna masa mace mai ƙoshin lafiya. Alƙali ma ba zai ga abin da kika ɓoye ba.

Ki faɗa wa lauyarki komai, har ƙin ɗaga siket ɗin, ki roƙi a sake duba ki wurin likita mace. Ki gaya wa 'yarki gaskiya. Ban yi miki alkawarin nasara ba, kuma kotu ba ta sauri.

Sannan ki aika a kira MamTolo. Matar nan ta gan ki a ƙasa, amma har yau ba ki ji zancen a bakin kowa ba, ko da yake kin juya mata baya. Asirinki ta rufa, Mama. Ko ba don kotu ba, kina bukatar mai leƙo ki da safe.

Allah ya ba ki lafiya, ya sa a duba ƙararki da adalci.

Nokwanda