Tsallaken Titin Alder

Zuwa ga Yaya Russell,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Darlene da yara. Ya ƙafar taka? Mama tana nan yadda ka bar ta, wata rana ta gane kowa, wata rana ta tambaye ni ko Baba ya dawo daga gona.

Gwamna ya miƙa sunana ga majalisar dattawan jiha a matsayin alƙaliyar babbar kotu. Kada ka yi saurin yanka talo-talo. Gwamna zaɓa kawai yake yi, sanatoci ke tabbatarwa, kuma suna da wata al'ada da ba a rubuta ta ko'ina ba: in sanatan mazaɓar mutum bai ce ya yarda ba, sauran ba za su ko ɗaga sunan a zaure ba. Ba sai ya ba da dalili ba.

Sanatanmu kuwa Dwight Brubaker ne, wanda ya koya maka kamun kifi. Na kai masa kek ɗin tuffa ofis. Ya ci yanka biyu, ya share baki, ya ce, "'Yata, ni ban ce a'a ba." Na ce, "To ka ce e mana, Kawu." Ya yi dariya ya ce, "Kai, Marlene, tun kina ƙarama haka kike, ba ki bari shayi ya huce."

Ƙanwarka,
Marlene Stoltz

Yaya Russell,

Ina fatan sanyi bai takura muku ba. Mu dai alhamdu lillahi.

Kawu Dwight yana nan a kan bai ce a'a ba. Sanata Corinne Vandermeer ce ta fayyace mini. Ta ce, "Ke ba ke yake riƙe ba, gwamna yake riƙe. Gada yake so a gina a mazaɓarsa, ke ce igiyar." In majalisa ta rufe zaman bana ba a kira sunana ba, naɗin ya mutu ke nan.

Sai ta tambaye ni ko na san inda iyakar mazaɓarta take. Ashe tsakiyar Titin Alder ce, titinmu. Gidanmu a mazaɓar Brubaker yake, gidan burodin da ke kallonmu kuwa a tata yake, kuma akwai ɗakin haya a samansa. In na koma can, ita ce sanatata, ta ce a ranar za ta yarda. Amma komawa ta gaskiya, da kwana da komai, don mutanen Kawu ba makafi ba ne.

Mama ba za ta iya hawa wannan bene ba, likita kuma ya hana a raba ta da ɗakin da ta sani. Na samo wata mata, Opal, za ta zauna da ita. Na san abin da za ka ce. Shekaruna nawa ina jiran wannan kujera, Yaya, kuma titi ne kawai zan tsallaka. Ina son aikin nan, ba zan ɓoye maka ba.

Ka gaida Darlene.
Marlene

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, an tabbatar da ni. Aka kira sunana tare da na wasu, aka yi ƙuri'ar murya, aka buga guduma, shayin da ke hannuna bai ko huce ba. Muryar Kawu Dwight ta fi ta kowa ƙarfi wajen cewa e. Da aka fito ya rungume ni yana cewa, "Ka ga 'yar unguwarmu!" Gadar kuma na ji an sa ta a kasafin baɗi.

Corinne ta ce in ƙara zama a ɗakin hayar, kada a ce wasa muka yi da majalisa. Kullum da safe ina tsallakawa in kai wa Mama burodi mai zafi. Jiya na je in gaya mata labarin. Ta karɓi burodin hannu biyu, ta ce, "Opal, ba wa maƙwabciyarmu kujera." Sannan ta dafa hannuna ta ce, "Kirki gare ki, baiwar Allah. Ni ma ina da 'ya kamarki, da a nan gidan take kwana, sai ta tashi. In kin gan ta a tsallake, ki ce ɗakinta yana nan."

Na ce zan gaya mata.

Rantsuwa ranar Litinin ce. In za ka zo, ka sauka a wajen Mama, ɗakina babu kowa.

Taka har kullum,
Marlene