Ruwa Ya Ci Ƙamus Ɗinku

Assalamu alaikum Kawu. Ina gajiya, ya jikin Inna, ya yara da damina?

Ƙamus ɗin da kuka ba ni ya ruɓe. Bangon ɗakin ƙarƙashin ƙasa da Ogan da nake yi wa gadi ya ba ni yana tsatsafar ruwa. Tun bazara na ce a tone ta waje, a shafa kwalta, a yi wa ruwa hanya. A littafi na karanta. Injiniyan Oga ya yi dariya, wai, "Maigadi, ina digirinka?" Suka shafa fenti ta ciki.

Jiya suka fara tonon da na ce, saboda atamfofin Hajiya, matar Oga, sun jiƙe.

Ku roƙa min Allah ya riƙe bakina, aikin nan kaɗai gare ni. A gaida Inna.

Ɗanku,
Sabi'u, Durumi